Ka rufe ido ka saurari fim kafin ka yabe shi

Wani matashi mai shagon cajin waya da tura fina-finai a wani gari na ƙasar Ringim ya aiko min da memori ɗauke da fina-finai biyar, haɗe da wannan saƙo: "Baba, barka da hutawa. Kullum masu zuwa turi sai sun tambaye ni wanne ne mai kyau, ni kuwa amsata ba ta wuce 'wannan ya haɗu'. Tunda ka yi sana'ar, don Allah ka kalli waɗannan ka ba ni ra'ayinka a taƙaice, ka kuma nuna min yadda ake gane na kirki."

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Na kalle su duka biyar ɗin, kullum bayan sallar isha'i, har na ɗauki kusan mako biyu. Ka nemi a taƙaita. Uku daga ciki za su taƙaitu, biyu kuwa sai ka yi haƙuri da ni, don akwai magana a kansu. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba, saboda waɗanda suka yi su mutane ne masu neman abincinsu, wasu ma 'ya'yan abokan aikina ne. Zan bi su yadda ka jera min su, kai ka san wanne ne wanne.

Ka san dai ɓangarena sauti ne. Na fara riƙe sandar bum, wato doguwar sandar da ake ɗaura makirufo a kanta, a Kano a tsakiyar shekarun 1990, zamanin kaset, 'yan shekaru bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, tun kafin mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar suna Kannywood a 1999. Da ƙarfi ya fara ja baya sai na dawo gida na rungumi gona. Shi ya sa in na zauna kallo, kunnen mai ɗaukar sauti da idon manomi suke yi min aiki tare, ko ina so ko ba na so.

Na farkon, mai dogon zangon nan da aka ce a ƙauye yake faruwa, shi ya fi tsaya min a rai, kuma ba da daɗi ba. Labarinsa ba shi da laifi: rigimar gadon gona tsakanin 'yan uba, abin da babu garin da bai san shi ba. Amma tun a kashi na farko jarumin ya ɗaga kai ya ce damina ta yi albarka, gero ya fara bununi, alhali a bayansa ga gawo ya yi shar da ganye, ga kuka tsirara ko tofo babu. Yaron da ya taɓa kiwon awaki ya san gawo da damina yake kaɗe ganyensa, sai rani ya shigo yake yin sabo, ita kuwa kuka akasin haka. Ga hazo ya rufe sararin sama. Wato cikin hunturu aka ɗauki fitowar, aka laƙaba mata damina da baki. Na san dalili, domin na sha zuwa lokeshan: ruwa yana ɓata aiki, hanya tana yankewa, kayan wuta ba sa shiri da laima, shi ya sa furodusa yake gudun damina. To in haka ne, me ya hana a mayar da labarin kaka ko rani? Rigimar gado ai ba ta da lokaci. Da an ce an gama girbi ana rabon dami, da itatuwan nan ba su ƙaryata jarumin ba.

Sai aka zo shuka. Mutum ɗaya ya sunkuya da fartanya yana tona rami, yana ajiye ta, yana ɗebo iri daga aljihu. Haba! Ina sungumi? Ina na gaba mai sara yana tafe, na baya riƙe da 'yar ƙwarya yana jefa iri yana take ramin da dudduge? Wannan tafiya ta mutum biyu a jere, sara da rufewa, ita kanta abin kallo ce, tana da kiɗanta. Da darakta ya tsayar da dattijo ɗaya daga cikin masu leƙen ɗaukar fim ɗin ya tambaye shi, da ya samu fitowa mai kyau kyauta.

Daga nan na yi abin da na saba, na kife wayar a kan tabarma na bar kunne ya yi kallo. Ɗana, garin da ke cikin fim ɗin nan ba shi da rai. Babu zakara, babu kurciya, babu zabi suna ƙara a bayan danga, babu jaki, babu luguden taɓare daga maƙwabta, babu injin niƙa can nesa, babu yara suna karatun allo. Abin da ke akwai kawai muryar 'yan wasa, tsaf kamar a ɗaki aka rufe su, sai kiɗan fiyano da aka shimfiɗa daga farko har ƙarshe don a toshe ramin. Yadda hakan ke faruwa shi ne, a lokeshan ana ajiye janareto kusa da wurin ɗauka saboda wayar wuta ba ta da tsawo, ƙararsa ta cinye komai, ko kuma iskar hunturu ta riƙa bugun makirufo don ba a sa masa rigar gashinsa ba. In an koma gari sai edita ya ga sautin ba zai amfanu ba, a kira 'yan wasa su sake ɗora murya a situdiyo, a zubar da duk abin da garin ya faɗa. A ƙa'idar aikinmu, in an gama kowace fitowa sai mai sauti ya ce kowa ya yi tsit, ya ɗauki minti ɗaya ko biyu na numfashin wurin kawai. Da shi ake ɗinke fitowa da fitowa har mai kallo ya ji yana zaune a tsakar gidan. Minti biyun nan ba sa cin ko kwabo, haƙuri kawai suke ci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne bakin da aka ba mutanen garin. An ce gari ne a kusa da Kano, amma duk wanda ake so a yi wa dariya sai a sa masa "mi kaka yi" a baki, a shafa masa gawayi a haƙori, a ɗaura masa wando a ƙirji. Wannan Sakkwatanci ne, harshen malamai da sarakuna da manyan mawaƙa, ba shaidar wauta ba. Mu nan kuma ba haka muke magana ba, Bahaɗeje da nasa bakin, Bagumale da nasa, mutumin Kazaure da nasa. Mai hankalin fim ɗin kuwa, wanda ya je birni ya dawo, shi kaɗai aka bar wa Hausa miƙaƙƙiya. Ka duba abin da ake koya wa ƙanenka ke nan game da bakin mahaifiyarsa. Ni na san dattawan da ba su taɓa shiga aji ba, amma ranar Alhamis a kasuwar Maigatari za su dubi sa su faɗi abin da zai yi a kasuwar Kudu, lissafin bai kuskure ba. Irin waɗannan ba na ganinsu a fim. Ra'ayina a kan na farko: labari mai kyau ne da aka ɗauka a ƙauye ba tare da an saurari ƙauyen ba.

Na biyu, Indiya-Hausa ɗin nan, zan yabe shi ta inda ya cancanta. Masu ɗora muryar sun san aiki. Daidaita jimlar Hausa da motsin leɓen mutumin da ke wani harshe abu ne mai wuya, kuma sun yi shi har da karin magana da baƙar magana a inda suka dace. Sun fi na farkon iya Hausa nesa ba kusa ba. Illarsa biyu: mai fassarar ba ya barin shiru, ko inda 'yan wasan suka yi tsit sai ya cusa zance, sannan akwai duka da zubar da jini da ban so yaro ɗan firamare ya gani ba. Ka riƙa duban shekarun mai wayar kafin ka tura.

Na uku, na gidan attajirin nan na birni, hoto tas, fitila daidai, sauti ma babu laifi domin a rufaffen gida aka ɗauka. Matsalarsa ja. Kashi goma sha ɗaya na kalla, abin da ya faru a ciki bai fi na kashi uku ba. Mota za ta shigo, a nuna maigadi yana buɗe ƙofa, a nuna ta tsaya, a nuna an fito, a nuna an hau bene, a zauna a gaisa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan a maimaita wa wani labarin da mu masu kallo muka riga muka gani da idonmu. Kada ka ɗauka rashin iyawa ne kawai. Da can fim kaset ne ko faifai, kashi ɗaya da na biyu, a kai Ƙofar Wambai a sayar. Satar fasaha da zuwan waya suka karya wannan kasuwa. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai ci gaba mako-mako, daga baya kuma, musamman daga wajen 2020, harkar ta kwarara YouTube. A can talla ce ke biyan mai fim, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ana iya tsarga masa talla a tsakiya. Ga kuma masu maganin gargajiya da masu atamfa da ke sayen fili a cikin shirin kansa. Ka ga ke nan kowane ƙarin kashi ƙarin kuɗi ne, sai labarin da ya isa tuwon mutum uku a dama shi ya zama kunun mutum talatin. Mai son kallon kaya da gidaje zai ji daɗinsa. Mai neman labari ka gaya masa gaskiya, ya tanadi haƙuri da caji.

A nan akwai maganar da ta shafe ka kai tsaye, kuma ba don in ɗora maka laifi nake yin ta ba. Zamanin kaset, dillalai daga Haɗeja da Gumel da Birnin Kudu, har daga Maraɗi da Damagaram, suna zuwa Kano sari. In fim bai karɓu a karkara ba, ɗan kasuwa zai sani cikin mako biyu, domin kaya za su zauna masa, shi kuma zai gaya wa furodusa ba tare da kara ba. Yau mutanen garinku ba sa kallo a intanet, data tsada, sabis kuma sai an hau tudu. Wurinka suke zuwa ka tura musu. Kai ka sauke sau ɗaya, mutum ɗari su kalla, amma a lissafin da mai fim yake gani a wayarsa, mutum ɗaya ne ya kalla. Waɗanda yake gani su ne na birni da na ƙasashen waje, sharhinsu yake karantawa, dariyarsu yake nema. Shi ya sa ƙauyen da yake nunawa ƙauyen da ɗan birni ke hasashe ne. Ko a 2016 da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka fasa, na ce wa abokaina gini zai taimaka wajen kayan aiki da horo, amma abin da ke damun fim ɗin ƙauye ba rashin gini ba ne. Garuruwa ga su nan fal daga Wudil har Birniwa, wanda zai zauna a cikinsu kwana bakwai kafin ya kunna kamara ne ya yi ƙaranci.

Zan tsallake zuwa na biyar in gama da shi, na barkwancin nan. Na yi dariya sau biyu ko uku. Saura ihu ne da guje-guje da zagi. Tun rasuwar Rabilu Musa Ibro a watan Disamba na 2014 ake ta neman mai maye gurbinsa, amma masu kwaikwayonsa hula da faɗuwa suka ɗauka, suka bar abin da ya sa ya yi fice. Shi ɗan karkara ne, daga Ɗanlasan, ya san mutanen da yake fitowa a matsayinsu, shi ya sa baƙauyensa ko ya yi wauta sai ka tarar da wayo a ƙarƙashinta, kuma sau da yawa ɗan birnin ne ke kwana a ciki. Wannan na biyar ɗin a tura wa mai son rage dare, ba zai cutar da shi ba, ba kuma zai tuna shi gobe ba.

Sai na huɗu, wanda ka rubuta min a gefensa cewa ba a cika nemansa ba. Ɗana, shi ne fim a cikin biyar ɗin. Sau uku na kalle shi. Babu fitaccen jarumi ko ɗaya, hoton ma wani wurin yana rawa, da ganin fitilarsu ka san kuɗinsu kaɗan ne. Labarin kuma ɗan ƙarami: yarinya ce aurenta ya mutu ta dawo gidan iyayenta da goyo, a tsakiyar kaka, gida cike da aiki.

Ka koma fitowar da ta shigo gida. Ta yi sallama, uwar tana bakin turmi tana surfe. Ta amsa ba ta ɗago ba. Ta ga ƙullin kaya, ta ga idon 'yarta, ta gane komai. Wani daraktan da nan take zai sa a saki taɓarya, a rungume juna, a saki kiɗan tausayi, a yi kuka na minti biyar. Wannan bai yi haka ba. Taɓaryar ce kawai ta tsaya, kamar numfashi uku. A cikin shirun nan kana jin kaji suna tsattsagar tsaba, kana jin wata maƙwabciya tana sheƙa a bayan katanga, kana jin ɗan goyon yana ƙananan kuka. Sai uwar ta ce, "Sauke shi ki ba shi ruwa, rana ta dake shi." Ta ci gaba da surfenta, amma bugun ya sauya, ya yi nauyi, ya rage sauri. Wallahi a nan na share hawaye. Haka iyayenmu mata suke, baƙin cikinsu a hannu yake fita, ba a baki ba. Wanda ya ɗauki sautin nan ya ajiye makirufonsa inda zai kama turmin da muryar tare, kuma editan ya yi ta maza ya hana fiyano shiga.

Ka lura kuma, tun daga farkon fim ɗin har ƙarshensa uwar ba ta kira sunan yarinyar ba ko sau ɗaya. "Ke" take cewa, ko ta ce da ƙannen "ku kira yayarku". Ba a tsaya yi mana bayani ba, amma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya gane 'yar fari ce, alkunya ce ta hana. Saboda haka a can gaba, daren da yarinyar ta kwanta zazzaɓi, uwar ta zo ta zauna a gefenta a duhu tana shafa mata kai, tana zaton barci take, nauyin wannan shafawa ya ninka, domin mun san abu ne da ba za ta yi da rana a gaban mutane ba. Marubucin da ya san wannan ya zauna da tsofaffi.

Uban ma haka. Bai yi dogon jawabi ba. Ya dawo daga gona da magirbi a kafaɗa, ƙaiƙayin gero a wuyan rigarsa, aka gaya masa a zaure, ya ce "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya nemi buta. Washegari da asuba aka nuna shi ya ɗaura wa keke sirdi zai tafi garin surukansa, bai gaya wa kowa ba. Damin geron da ke jingine a bayansa na gaske ne, ɗaurin wanda ya iya ne, kuma karan da ke gonar a tsaye yake ya bushe daidai lokacin da labarin ya ce ana ciki. Ko kiɗan da suka sa sau biyu kacal ne, sarewar kara ce irin ta makiyaya, sai kiɗan ƙwarya ranar sunan maƙwabta, kuma daga cikin gidan yake fitowa, ba daga sama aka sauko da shi ba.

Yana da nasa rauni, kada ka ce na rufe ido. Ƙarshensa an yi gaggawa, sulhun da ya kamata a ga dattawa sun sha zama a kansa sai aka ƙulle shi a fitowa ɗaya, ina jin kuɗi ne suka ƙare. Mijin kuma an bar shi mugu zalla, ba a ba shi ko uzuri ɗaya ba, alhali mutuwar aure ba ta cika zama laifin mutum ɗaya ba. Akwai kuma wurin da inuwar sandar bum ta faɗo a jikin bango. Duk na yafe musu, domin sun ba ni mutanen da na sani.

To ga yadda za ka riƙa yi in sabon fim ya shigo hannunka, ba sai ka kalle shi duka ba. Ka tsallaka tsakiya, ka sa abin ji a kunne, ka kife wayar minti uku. In ka iya gane ko a gida ake ko a gona, ko safiya ce ko yamma, ka kuma gane wane ne babba wane ne ƙarami daga yadda suke wa juna magana, to masu fim ɗin sun san abin da suke yi, sauran ma da wuya ya ba ka kunya. In kuwa kiɗa kawai kake ji da mutane suna karanto zance, ka buɗe ido ka duba itatuwa da hannun mai riƙe da fartanya, za su ƙarasa gaya maka. Sannan in mai turi ya tambaye ka, ka tambaye shi shi ma: wa zai kalla, shi kaɗai ko da iyali? Dariya yake so ko labari? Kalmar "ya haɗu" ba ta raba masa komai, amma in ka ce "wannan hoto ne mai kyau, labarin yana ja" ko "wannan ka kalla da mahaifiyarka", ka ba shi abin riƙewa, gobe ma wurinka zai dawo.

Ina kuma roƙonka abu biyu. Ranar da ka shiga Ringim ko wani wuri mai sabis, ka buɗe shafin masu fim na huɗun nan ka rubuta musu cewa ana kallonsu a garinku, ka faɗi sunan garin, ka gaya musu fitowar turmin nan ta isa inda suka aike ta. Su ba su da hanyar sanin haka sai an faɗa musu. Na biyu, ranar kasuwarku in mata masu kawo caji sun taru, ka sa wannan fitowar a lasifikar shago ba tare da ka nuna hoton ba, ka ga ko za su gane abin da ya faru daga bugun taɓaryar kawai. Abin da suka ce ka rubuto min, ka ba direban motar Gujungu in zai biyo ta nan. Ka gaida mahaifinka, ka ce ina yi masa barka da kaka.